Neman Auren da Aka Je da Ribas

Tun da labarin ya riga ya zaga garinmu Zarƙa, kuma kowa yana ba da shi da nasa gishirin, gara in faɗe shi yadda ya faru domin a san wanda aka zalunta. Ni aka zalunta. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da lissafi a makarantar gwamnati har na yi ritaya, ban taɓa makara ba, ban taɓa shiga aji da takalmi mai ƙura ba. Yau ga shi in na leƙa shagon aski sai a ce, "Ku matsa, ku matsa, Ustaz Ribas ya iso."

Wanda ya jawo mini wannan suna maƙwabcina ne, Abu Rakan. Mutum ne da ba ya rabo da sabuwar sana'a. Shi ne ya taɓa kiwon zuma a saman benensa, sai da unguwa ta yi wata guda ba mai shanya a waje. A bana kuma ya sayo wata baƙar na'ura, girman tafin hannu, mai igiya. Ana jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna da lambobi abin da yake damun mota. Tun ranar da ya riƙe ta ya daina amsa sallama sai an haɗa da "Dakta".

"Kanikawan garin nan sun gama cin zamaninsu," haka yake cewa a shagon Abu Jiryis wanzami. "Mutum ya shige ƙarƙashin mota kamar ɓera, ya fito baƙi ƙirin. Ni da farar jallabiya zan yi aiki. Asibitin motoci zan buɗe, da kujerun jira da komai."

Da a kan wani ya fara, da ni ma dariya zan yi. To amma ɗana Wa'il yana son Rawan, jikar Hajji Salama na garin Salt, an kuma tsayar da Juma'ar da za mu je neman aurenta. Dangi suka ce ni zan jagoranci tawaga, ni zan yi magana, domin babu wanda ya kai ni iya tsara zance. Shi kuwa Abu Rakan ƙanen mahaifiyar yarinyar ne. Ku riƙe wannan, don kada wani ya tambaye ni yadda aka yi mutum irina ya miƙa masa mota.

Motata mai canza giya da kanta ce, kuma ina kula da ita fiye da yadda wasu suke kula da iyalinsu. A makon nan sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. In ta zo canza giya kuma sai ta yi harbi kamar jaki. Na shirya da safe zan kai ta gareji, ina buɗe ƙofa ke nan na ji muryarsa.

"Ina zuwa haka, Ustaz?"

"Gareji."

"Gareji! Ina raye? A gaban idona? Wallahi da ka mare ni da ya fi mini sauƙi. Gobe-gobe za mu zama surukai, ka ɗauki motarka ka kai wa bare?"

Na waiwaya. Matata Umm Wa'il tana tsaye a taga, ta kafe ni da irin kallon da na sani.

"Abu Wa'il," ta ce mini a hankali, "kawun yarinyar ne. Taɓawa kawai zai yi."

Ya durƙusa, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ya jona igiya. Kafin ya ɗago maƙwabta sun taru, har Abu Jiryis ya baro wani da rabin gemu. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna P0730.

"Me take nufi?" na tambaya.

"Tana nufin motarka tana cikin damuwa."

"Wannan na sani tun kafin ka fito. Wace damuwa?"

"Ustaz, kai malamin lissafi ne, shi ya sa lamba take ba ka tsoro. Dubi nan." Ya danna wani maɓalli. Lambar ta ɓace, fitilar ta mutu. Ya miƙe yana kakkaɓe jallabiya. "Ta warke. Allah ya ƙara lafiya."

Na ce, "Abu Rakan, na goge allo iya gogewa a rayuwata. Ban taɓa ganin yaron da ya iya lissafi don an goge allon ba."

"Yaro daban, mota daban. Motar zamani ƙwaƙwalwa gare ta, riƙo ne yake cin ta. Ka sa ta manta, shi ke nan."

"To don Allah, Dakta," in ji Abu Jiryis, "ka zo ka jona wa matata. Har yau tana tuna abin da na faɗa ranar bikin ƙanwarta."

Aka kwashe da dariya, aka tafa masa. Ni kuwa na ja mota zan sayo burodi. Ban kai gidan burodin ba fitilar ta dawo, motar ta yi wani harbi da ya sa tabarauna ya faɗo a cinyata. Na juyo. Ya sake jonawa. Wannan karon lambobi biyu suka fito.

"Alhamdu lillahi!" ya ce. "Ciwon ya fara fitowa waje. Kamar ƙyanda ne, wanda ya ɓuya shi ne mai kisa." Ya goge duka biyun.

Washegari suka zama uku. Ya tsaya ya kama haɓa, ya zaga motar, ya saurari bonet kamar mai sauraron cikin mai juna biyu, sannan ya yanke hukunci cewa ƙishirwa ce, giyar tana son mai. Ya shiga gida ya fito da mazurari da garwa, irin garwar da kowane gida yake ajiye man zaitun na shekara.

"Wannan ai garwar man zaitun ce," na ce.

"Garwar ce kawai. A ciki nake ajiye man giya, na musamman, ba irin na kasuwa ba."

"Man giya ja ne. Wannan kore-kore nake gani."

"Ja na mutanen da ne, Ustaz. Duniya ta ci gaba tun da ka bar aji."

Na buɗe baki, tagar gidana ta buɗe, na rufe baki. Ya ɗura mata har ta ƙoshi.

Ranar Juma'a na fito cikin alkyabbata mai bakin zinariya da jan rawanina, na tayar da mota, fitilar nan tana nan daram. Abu Rakan ya leƙo, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Na gano. Wannan ba na ƙarfe ba ne, ido ne. Unguwa duka ta ga yadda na warkar da ita, wani bai ce masha Allah ba." Ya zaro shuɗin dutsen nan na maganin mugun ido, ya ciro cingam daga bakinsa, ya manne dutsen a kan fitilar. "Kana ganin wani abu yanzu?"

"Ina ganin cingam ɗinka a motata."

"Fitila fa?"

"Ka rufe ta!"

"To ka gani."

A al'ada kawun amarya yana can cikin masu tarbar baƙi. Ban taɓa jin inda ya biyo tawagar ango ba. Shi ya ce likita ba ya barin majinyaci a hanya. Ya zauna a gaba, na'ura a cinya, igiyarta ta bi ta tsakanin gwiwoyina. Wa'il da Abu Jiryis suna baya. Motocin dangi suka jeru a bayanmu, dattawa sun sha alkyabba, an ce kowa ya bi Ustaz.

Muna barin gari na'urar ta fara kuka. Ta yi ƙara, ya danna. Ta sake, ya danna. Sai ka ce mai kashe sauro.

"Me ta ce?"

"Babu komai, na goge."

"Kafin ka goge me ta ce?"

"Ustaz, ka dubi hanya, ka bar likita da aikinsa."

Can motar ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi gaba. Inji yana ruri kamar zai tashi sama, mu kuwa muna rarrafe. Wata motar tumaki ta wuce mu, tumakin suna leƙowa suna kallona ɗaya bayan ɗaya. Ɗan'uwana Abu Hamza, da yake biye da mu, ya matso ya sauke gilashi.

"Ustaz, neman aure za mu ko jana'iza?"

"Tana hutawa ne!" Abu Rakan ya amsa masa da ƙarfi. "Mota mai hankali ba ta gaggawa!"

Sai Abu Jiryis ya fara shinshina. "Wai wa ya taho da ƙosan falafil ne?"

Gaskiya ne. Ƙanshin suya ya cika motar, irin na shagon da ya daɗe bai canza mai ba. Daidai nan wayar Abu Rakan ta yi ƙara. Hannunsa yana kan na'ura, don haka ya buɗe muryar kowa ya ji. Matarsa ce, Umm Rakan.

"Kai! Wa ya taɓa man zaitun ɗin da yayana ya aiko daga Ajlun? Garwar ta yi rabi! Ga wata kuma a gefenta cike da jan abu mai wari!"

Duk muka zuba masa ido.

"Hanya ba kyau, ba na jin ki," ya ce, ya kashe. Ya gyara zama. "Ko da hakan ne, Ustaz, tatsar farko ce. Mutane nema suke su samu ba su samu ba."

"Baba," in ji Wa'il daga baya, "don Allah kada ka ce komai. Mu dai mu isa."

Ban ce komai ba. Ina so a rubuta wannan a inda ake rubuta haƙuri.

Gidan Hajji Salama yana can ƙolin tudu, kuma layin da yake hawa wurin mota ɗaya yake ɗauka. Mun kai tsakiyar hawan, har muna hango rumfar da aka kafa, sai motar ta saki. Na taka totur, inji ya yi kururuwa, taya ko motsi. Muka fara silalowa baya. Na danne birki, motocin baya suka ɗauki oda gaba ɗaya.

Abu Rakan ya danna maɓallinsa, ya juyo mini da fuskar na'urar. "Duba da idonka. Fes! Babu lamba ko ɗaya. A kimiyyance motar nan lafiyarta ƙalau."

"To gaya mata!"

Na gwada kowace giya, babu. Da na sa ribas sai ta zabura kamar an tsikare ta, saura kaɗan in hau kan Abu Hamza.

"Allahu akbar!" Abu Rakan ya daki cinyarsa. "Kun ga aikin man? Ribas ɗinta ya fi na sabuwa. A juya ta!"

Na ce sam. Na ce a tura ta gefe in shiga wata motar. Amma gefen da ake da shi ɗaya ne, ɗan fili a ƙofar wani gida, kuma mai gidan ya fito da carbi a hannu ya ce juyawa dai mu juya, amma ba za a bar masa tukunyar suya a ƙofar gida ba. Bayanmu motoci sun toshe layin har ƙasa. A sama kuma an riga an gan mu, maza sun fara jeruwa. Wa'il ya dube ni kamar zai yi kuka.

Dattawa suka tattare alkyabba suka tura, aka juya ta. Haka na hau tudun Salt, ni Ustaz Ayid, jagoran tawaga, wuyana a murɗe, rawanina ya zame ya rufe mini ido ɗaya, hayaƙin suya yana tashi, Abu Rakan ya fito da rabin jikinsa ta taga yana ihu, "Dama! A'a, damarka ta da! Hagu! Taho, taho, kana da fili!" Filin da ya ce ina da shi kujerun roba ne da aka jera a bakin rumfa. Na ji su suna rushewa ɗaya bayan ɗaya.

Masu tarba suka tsaya hannuwa a miƙe, ba su san ta inda za su fara ba, domin bayan mota ne ya fara iso musu. Wani tsoho a cikinsu, wanda idonsa ya yi rauni, ya ga mota ta ba shi baya, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya kiyaye hanya! Ku gaida gida!"

Aka shigar da mu rumfa. Hajji Salama yana zaune a tsakiya, dogon tsoho mai farin gashin baki, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Aka zuba mini gahawa a finjali. Na karɓa na ajiye a gabana ban sha ba, kamar yadda mai neman abu yake yi har sai an biya masa buƙata. Na miƙe na yi jawabina. Ba yabon kai ba, ko tari ba a yi ba, sai dai ina jiyo Abu Rakan a layin baya yana raɗa wa wani baƙo cewa in yana da mota a waje, yau kyauta ne.

Hajji Salama ya amsa da kalmomi masu daɗi, sannan ya ce, "Sha gahawarka, Ustaz. Abin da kuka zo nema mun ba ku."

Aka ɗaga hannuwa za a yi Fatiha. Ni kuwa ban taɓa finjalin ba.

Hannuwa suka sauka. Kowa ya san abin da ake nufi in an ba baƙo abin da ya roƙa ya bar gahawa a ƙasa. An sha fasa aure a kan abin da bai kai wannan ba. Wa'il ya kama gefen alkyabbata.

"Baba. Baba, don girman Allah."

"Akwai saura ne, Ustaz?" in ji Hajji, muryarsa ta sauya.

"Akwai, Hajji, Allah ya ƙara maka girma. Da buƙata ɗaya na baro gida, na tsinci ta biyu a hanya. Akwai wata na'ura a aljihun surukinku Abu Rakan. Ita nake roƙo."

Abu Rakan ya yi zumbur ya miƙe. "Wannan hassada ce! Yaƙi ne da ilimi! Jama'a, wa ya kawo shi nan in ba ni ba? Da ba don ni ba da yanzu yana gindin tudu!"

Hajji bai ko dube shi ba. "Baƙa ce?" ya tambaye ni. "Mai igiya? Tana ƙara kamar ɗan tsako?"

"Ita ce."

Ya ɗaga sandarsa ya nuna bayan rumfa. Wata a-kori-kura ce a gindin itacen ɓaure, ganye ya rufe gilashinta, kyanwa tana barci a kan bonet.

"Waccan ita ce majinyaciyarsa ta farko. Ya ce mini ta warke. Tun ranar take nan tana warkewa." Ya juya. "Abu Rakan, kawo."

"Hajji, ai ita waccan saura allura ɗaya..."

"Kawo, ɗan halak, baƙo ya bar gahawa a ƙasa a gidana!"

Ya kawo, yana shafa ta kamar za a yanka masa ɗan rago. Hajji ya miƙo mini ya ce wannan ma sun ba ni, in sha. Na ce zan sha, amma ni malami ne, ba na sa maki sai na ga an gama aiki. Muka fito gaba ɗaya, dangin ango da na amarya, mata suna leƙe ta saman bene. Na ajiye na'urar a bayan tayar motata. Tun da baya kawai ta iya, na ce, to ta yi aikin da ta iya. Na shiga, na tayar, na sa ribas, na taka.

Inji ya yi ruri. Mota ko gezau. Na sake takawa. Wani hayaƙi ya fito, ƙanshin suya ya bi rumfa. Ribas ɗin ma ya tafi.

Sai ga muryar Abu Rakan, a tausashe, kamar mai jaje.

"Kun gani? Ku ba ni ita in jona mata, mu ji abin da take cewa."

Har ya sunkuya zai ɗauka. Hajji Salama ya cire alkyabbarsa ya miƙa wa na kusa da shi, ya dafa bonet da hannu biyu, tsoho mai jikoki. Ganin haka 'ya'yansa suka dafa, Abu Hamza ya dafa, Abu Jiryis ya dafa, Wa'il ya fi kowa dafawa. Har tsohon nan da ya yi mana sallama ya sa hannu, yana tambaya ko yanzu ne za mu tafi da gaske.

"Bismillah!" in ji Hajji.

Aka tura, taya ta bi ta kan na'urar. Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an taka goro. Mata suka rangaɗa guɗa daga sama, na fito na koma rumfa na ɗauki finjalina. Gahawar ta yi sanyi ƙalau, amma ban taɓa shan mai daɗinta ba. Aka yi Fatiha, aka kawo kunafa, kayan zaƙin biki, Wa'il ya samu Rawan. A motar Abu Hamza na koma gida, tawa kuwa a bayan babbar mota ta biyo mu.

Wani zai ce ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Motata tana gareji an zazzage cikinta. Sunan nan ya bi ni har masallaci. Shi kuwa Abu Rakan yana zaune a shagon Abu Jiryis yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa a tarihin Salt ba a taɓa neman auren da dangi biyu suka yi gumi tare tun ranar farko ba, kuma shi ya haɗa su.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ya tsaya a wannan shagon, a gaban mutanen da suka tafa masa, ya faɗa da bakinsa cewa goge lamba ba gyara ba ne, kuma man zaitun na ci ne. Na bi hanyar da ta yi mini aiki a Salt. Kullum da hantsi ina sa alkyabba in shiga gidansa, a zuba mini gahawa, in ajiye a gabana in harɗe hannu. Ya san ma'anar wannan sarai, a ƙasar nan aka haife shi.

Sai ya zauna yana ba ni labarin asibitinsa, yana satar kallon finjalin. In ya ga ta fara hucewa, sai ya miƙo hannu ya ɗauka.

"Kada ta lalace, Ustaz," ya ce, ya shanye.